Faretin Nuni da Bindiga a Makarantun Amurka: Amsa ga Uwar da Hankalinta Ya Tashi

Tambaya: Wata uwa da ke zaune a Amurka ta rubuto ta ce ɗanta mai shekara 15 ya shiga 'yan kadet na makarantar sakandarensu, shirin nan na horon ɗalibai irin na soja da ake kira JROTC, kuma a bana aka zaɓe shi cikin masu faretin nuni da bindiga. Ya nuna mata bidiyon manyan ajinsu suna jujjuya bindiga, suna cilla ta sama suna cafewa, har wani ya wurga wa na bayansa tasa ba tare da ya waiwaya ba. Tun ranar ba ta samu natsuwa ba. Tana son sanin ko bindigar gaske ce, wane irin rauni ake ji, me yaro ke ƙaruwa da shi, kuma ko wannan wata dabara ce ta jawo yara aikin soja.

Amsa: Hajiya, sannu da ɗawainiya. Na daɗe ina horar da irin waɗannan yara, kuma tambayar farko da kowace uwa ke yi ita ce taki, don haka bari in fara da ita. Bindigar da ke hannun ɗanki ba ta harbi. Iri biyu ake amfani da su a makarantu. Akwai tsohuwar bindigar soja da aka kashe: an toshe bututunta, an yi mata walda, an lalata allurar da ke dukan gindin harsashi, ta yadda ko an so a ɗura mata wani abu ba hanya. Akwai kuma ta kwaikwayo wadda tun daga masana'anta ba bindiga ba ce, roba mai tauri ce da ƙarfe aka ƙera da siffar bindiga, irin wadda kamfanonin Daisy da Glendale ke yi. Siffar da aka fi gani ita ce ta M1903 Springfield da ta M1 Garand, jefi-jefi kuma M14. Wuƙar da kika gani a bakin bindigar sojoji a talabijin, galibin gasannin 'yan sakandare sun hana ɗaura ta. Idan makarantarsu na da rukunin harbi, wannan wani sashe ne daban, da bindigar iska ake yi a tazarar mita 10, da nasa malamin da nasa dokokin, kuma shiga fareti bai sa yaro cikinsa ba.

Abin da ya cancanci fargabarki shi ne nauyi. Tsawon waɗannan bindigogi ya kai wajen santimita 110. Springfield na da nauyin kusan kilo 4, Garand ta ɗan ɗara haka, kuma da gangan ake ƙera ta kwaikwayon da nauyin laba 8 da rabi don ta yi daidai da ta asali. Kada ki haɗa su da bindigar katako marar nauyi da 'yan tutar ƙungiyar badujala ke juyawa a filin ƙwallo, wannan wasa ne daban. Ƙarfe mai kilo 4 da ya kuɓuce a hannu yana fasa leɓe, yana karya haƙori, yana cire farce, yana sauka a kan yatsar ƙafa. Raunin yau da kullum shi ne kanta a tafin hannu, shatar duka a damtse da cinya, da targaɗen yatsa. Wanda ya fi damuna a matsayina na mai horarwa shi ne ciwon tsintsiyar hannu da na kafaɗa, domin ba ya zuwa da jini balle a lura, a hankali yake taruwa idan yaro na maimaita juyi ɗaya sau ɗaruruwa a hannu ɗaya kafin jijiyoyinsa su yi ƙwari. Sai kuma suma. Yaron da ya ƙame a sahu ya sandare gwiwoyinsa na dogon lokaci, musamman cikin zafi ko da yunwa, jini kan taru a ƙafafunsa ya yanke jiki ya faɗi. Maganinsa mai sauƙi ne: a ɗan sassauta gwiwa, a riƙa motsa yatsu cikin takalmi, a sha ruwa, a karya kumallo. Idan aka auna da ƙwallon Amurka ko kokawa, waɗanda makarantar ke yi da yara sa'o'insa, ni ban ɗauki fareti a matsayin wanda ya fi hatsari ba, matuƙar malamin ya san aikinsa. A wannan sharaɗin ne maganar take, kuma zan dawo kansa.

Yana da kyau ki san inda abin ya samo asali, don shi zai nuna miki mene ne ainihinsa. Fareti da bindiga ya fara ne saboda larurar yaƙi. Bindigar zamanin da tana cin lokaci kafin a ɗura ta: a zuba albarushi, a tura dalma, a danna da sanda, a kula da lagwani mai wuta. Idan mutum ɗari suka tsaya kafaɗa da kafaɗa kowa na yin nasa yadda ya ga dama, sai su ƙona juna kafin abokan gaba su iso. A ƙasar Holan, a ƙarshen ƙarni na 16, Maurice na Nassau ya rarraba aikin daki-daki, kowane motsi da umarninsa, kuma littafin zane da aka buga a 1607 ya nuna matakai 42 na sarrafa bindiga ɗaya. A Amurka kuwa, Baron von Steuben, hafsa daga Furushiya, tsohuwar daular Jamusawa, shi ya koya wa sojojin George Washington fareti a sansanin Valley Forge a 1778. Ya ɗauki mutum kimanin 100 ya horar da su da kansa, su kuma suka bazu suka koya wa saura. Har gobe haka ake yi a makarantu: manyan kadet ke koya wa ƙanana, malami na duba.

Da bindigogi suka canja, larurar ta gushe, sai fareti ya koma hanyar horar da kurata da kuma ado a bukukuwa. Ɓangaren nuni ya yi tashe a 1860, lokacin da wani matashi, Elmer Ellsworth, ya zagaya biranen Amurka da rukunin samarinsa na Shikago, sanye da kaya irin na dakarun Zuwab na Faransa da suka samo asali a Aljeriya, suna fareti mai gudu da tsalle da jujjuya bindiga, jama'a na tururuwar kallo. Daga baya John Pershing, wanda ya zama babban kwamandan Amurka a Yaƙin Duniya na Ɗaya, ya koyar da kadet a Jami'ar Nebraska tun yana ƙaramin hafsa. Rukunin da ya horar ya ci gasa a Omaha a 1892, kuma ƙungiyar da ta fito daga cikinsa ta ɗauki sunansa, tana nan a jami'o'i har yau. Waɗanda yaran yanzu ke kwaikwayo su ne rukunin faretin shiru na dakarun Marin, wani reshe na sojan Amurka, da ke barikinsu na Washinton, mutum 24 riƙe da Garand mai wuƙa, waɗanda suka fara fitowa a 1948, da kuma rukunin sojan ƙasa na runduna ta uku mai tsaron bukukuwa, masu amfani da Springfield. A Ingila ma rundunar sojan sama na da rukunin da ke jera ɗaruruwan motsi ba tare da umarni ko ɗaya ba, kuma dakarun tsaron Sarkin Norway sun yi suna da nasu.

To, ga abin da bidiyo ba ya nunawa. Mai kallo idonsa na kan bindigar da ke sama, amma aikin yana cikin ƙidaya. A faretin ƙa'ida, wanda littafin soja ya tsara, kwamanda ne ke ba da umarni, kuma kowane umarni gida biyu ne: kalmar shiri, sai kalmar zartarwa. Taku 120 a minti ɗaya, kowane taku inci 30. Ɗaga bindiga daga ƙasa zuwa ƙirji ƙidaya biyu ce, daga ƙasa zuwa kafaɗar dama ƙidaya huɗu. A faretin nuni sai a cire muryar kwamanda, ko a rage ta ƙwarai, a bar kowane yaro da ƙidayar a cikin kansa. Ki lissafa: nunin minti 7 a wannan saurin ƙidaya 840 ne, kowace rabin daƙiƙa. A kowace ɗaya daga cikinsu akwai inda ƙafarsa ya kamata ta kasance, inda hannunsa na hagu yake, inda bakin bindigar ke kallo, kuma duk wannan sai ya zo daidai da na yara goma sha biyu ko ashirin da ba ya iya juya kai ya dube su. Da kunne yake jin su. Ƙarar tafin hannu a jikin katako, bugun gindin bindiga a ƙasa, saukar diddige, waɗannan ne ke riƙe rukunin. Shi ya sa idan na shiga wurin horo nakan rufe ido in saurara tukuna. Idan duka ɗaya na ji, rukunin ya haɗu. Idan na ji "tarara", wani ya riga wani ya makara, kuma ba sai na buɗe ido ba na san juyinsu ma a warwatse yake.

Ita cillawar da ta tayar miki da hankali tana da lissafinta. Kowace bindiga na da wurin da nauyinta ya daidaita, inda za ki ɗora ta a kan yatsa biyu ta tsaya, kuma a irin waɗannan yana kusa da tsakiya, ɗan gaba da kunama. Idan aka sake ta a iska, a kan wannan wurin take juyawa, ko ta so ko ta ƙi. Bakin da gindin su ne ke zagayawa da gudu suna ruɗa ido, amma shi wurin daidaiton miƙewa yake yi sama ya dawo ƙasa a layi ɗaya. Abin da muke koya wa yaro ke nan: ya manta da baki da gindi, ya bi tsakiyar. Da zarar ta bar hannu ba abin da zai ƙara mata ko ya rage, saurin juyinta da tsawon tashinta duk an gama yanke su a lokacin saki. Bindigar da ta tashi mita 1.2 sama da hannu tana yin daƙiƙa ɗaya kafin ta dawo, wato ƙidaya biyu cif. Wanda ke son ƙidaya uku sai ya kai ta kusan mita 2.8, mai son huɗu kuwa kusan mita 5. Kin ga tsawon na ninkuwa da sauri fiye da lokacin da ake samu, kuma kowane ƙarin tsawo ƙarin ƙarfin sauka ne: daga mita 1.2 tana dawowa da gudun kilomita 17 da rabi a awa, daga mita 2.8 da kusan 27. Saboda haka malamin kirki ba ya barin sabon shiga ya nemi tsawo. Juyi ɗaya, ƙasa-ƙasa, a kan ciyawa ko tabarmar roba, har sai hannu ya san inda katakon zai sauka ba tare da tunani ba. Kuma darasin farko kafin a fara cillawa shi ne yadda ake gudun wadda ta ɓaci: idan saki bai yi kyau ba, ka ja da baya ka bar ta ta faɗi. Yawancin haƙoran da suka karye, masu su sun yi ƙoƙarin ceton bindigar da ya kamata su ƙyale ne.

Wurgawa tsakanin mutum biyu ta fi wannan nauyi, domin amana ce. Mai wurgawa ne ke da alhakin kashi mafi girma. Idan ya saki a daidai ƙidaya, da daidai ƙarfi, daga daidai tazara, mai cafewa buɗe hannu kawai zai yi. Shi ya sa tazarar sahu, inci 40 tsakanin na gaba da na baya, da ake ta nanata wa yara har su gaji, ita ce ke kare fuskar ɗanki ranar da aka fara musayar bindiga. Wanda kika gani ya wurga ta bayansa bai waiwaya ba, watanni ya yi yana wurga wa mutumin nan ɗaya daga wurin nan ɗaya. Idan abokin nasa bai zo ranar gasa ba, rukunin da ya san ciwon kansa cire motsin yake yi, ba ya sa wani a gurbin.

Daga nan za ki gane tsarin horon da ya dace. Fareti ba bindiga tukuna: tsayuwa, juyawa dama da hagu, maci, gyara sahu. Sai sarrafa bindiga bisa ƙa'ida, a tsaye sannan a tafe. Sai juyi a hannu wanda bindigar ba ta rabuwa da tafi, a dama da hagu duka don kada gefe ɗaya ya gaji shi kaɗai. Sai ƙaramar cillawa. Musaya ita ce ta ƙarshe. Yaro mai himma kan ɗauki zango guda ko fiye kafin ya kai matakin da za a amince masa ya jefa wa wani. Matsalar zamanin nan ita ce yara na kallon gwanayen YouTube, waɗanda wasunsu sun shekara goma suna abin, sai su tsallake matakai uku su je bayan gida su gwada na huɗu. Gaggawa ba ta haifar da ɗa mai ido a wannan harkar.

Game da gasa, don ki san abin da zai riƙa ba ki labari. Yawanci ana raba ta gida huɗu: duba tsafta da kaki tare da tambayoyi, faretin ƙa'ida, rakiyar tuta, da faretin nuni. Akwai ɓangaren masu bindiga da na marasa bindiga, akwai kuma na mutum ɗaya da na mutum biyu. Nunin rukuni a gasanni da yawa yakan ɗauki minti 6 zuwa 9, na mutum ɗaya minti 2 zuwa 3, a cikin fili mai iyaka. Ana rage maki idan bindiga ta faɗi, idan aka taka iyaka, idan aka gaza lokaci ko aka zarce. Alƙalan galibi sojoji ne masu horar da kurata. Babbar gasar ƙasa ta 'yan sakandare ana yin ta duk shekara a Daytona Beach da ke jihar Filorida, kuma a can za ki ga rukunonin 'yan mata zalla da na gauraye suna riƙe da bindiga mai nauyi ɗaya da ta maza, domin tun farkon shekarun 1970 aka buɗe wa mata shirin. Duba kaki shi ne ɓangaren da yara suka fi tsoro: soja ya tsaya a gabanka, fuska a murtuke, yana tambayar sunan kwamandanka da sassan bindigarka yana neman zaren da ya fito a aljihu. Ba cin mutunci ake nufi ba, so ake a ga ko yaro zai iya amsawa cikin natsuwa yayin da gabansa ke faɗuwa. Idan har ya zama zagi ko taɓa jiki, to an wuce gona da iri, kuma kina da ikon kai ƙara.

A nan ina da ra'ayin da ba duk masu horarwa ke so ba. Ana lalata rukunoni da yawa da son burgewa. Malami ya ga wasu sun ci kofi da cillawa mai juyi uku, sai ya cusa ta cikin tsarin yaransa alhali huɗu kaɗai cikin goma sha shida suka iya. Ranar gasa bindiga biyu su faɗi, sauran su cafe a lokuta mabambanta, maki ya zube, wani yaro ya koma gida da bandeji. Na fi son in ga juyi mai sauƙi da kowa ya yi kamar hannu ɗaya, kan bindigogin a layi, ƙarar cafewa guda, a kan juyi mai wuya da aka yi a tarwatse. Alƙalin da ya ƙware yana duban ƙafa, da tazara, da ko kafaɗa ta karkata ta bi bindiga, da ko fuska ta yamutse lokacin cafewa. Haka nan ban yarda da tsarin da yara ke tsayawa wuri ɗaya suna juyi minti biyar ba, sai ka ce an dasa su. Fareti tafiya ce, sahu ya buɗe ya rufe, layi ya ratsa layi, a cika filin. Wahalar gaske ita ce juya bindiga alhali ƙafa na riƙe da taku kuma ido na riƙe da sahu. Akwai kuma masu kwance ƙusoshin bindiga don ta riƙa ƙara idan an buga ta. Ƙarar na da daɗin ji, amma ƙarfen da ya kwance yana yanka hannu, kuma yana iya fita a iska. Ba na bari.

Me ɗanki zai ƙaru da shi? Ba zan ce miki zai fito da sana'a ba, babu wanda ke ɗaukar ma'aikaci don ya iya juya Springfield, kuma ko sojan da ke fagen daga ba ya amfani da ita. Abin da na gani da idona a yara shi ne wannan. Wasa ne da gwani ɗaya ba ya iya ɗaukar rukuni. A ƙwallo, yaro ɗaya mai baiwa kan rufe gazawar goma. A nan mafi rauni shi ne ma'aunin kowa, don haka gwanin dole ya tsaya bayan an tashi ya koya wa na baya, ko ba ya so. Yaro na koyon karɓar gyara a gaban jama'a ba tare da ya yi fushi ko ya kawo uzuri ba. Yana koyon abin da zai yi bayan kuskure: bindiga ta faɗi a gaban ɗaruruwan mutane, ya ɗauka ko ya jira a miƙo masa bisa tsarin da aka koya, ya nemo ƙidayar da 'yan'uwansa suke kai, ya shige, fuska ba ta nuna komai ba. Kuma kwamandan rukunin ɗalibi ne, sau da yawa mai shekara 17, shi ke tsara motsin tare da abokansa, shi ke raba wurare, shi ke gaya wa amininsa cewa ba zai fita a gasar wannan makon ba. Ba kowane babba ne ya taɓa ɗaukar irin wannan nauyin ba. Sai dai duk wannan yana samuwa a ƙungiyar kiɗa ko wasan kwaikwayo mai tsari, don haka ba na cewa fareti ne kaɗai hanya. Wasu yaran dai nan ne suke samun wurin da ya karɓe su.

Tambayarki ta ƙarshe tana da tushe. Dokar tsaron ƙasa ta 1916 ce ta kafa JROTC, wata dokar ta 1964 ta faɗaɗa shi zuwa sojan ruwa da na sama da Marin, kuma yau yana cikin makarantu fiye da 3,000. Malaman galibi sojoji ne da suka yi ritaya, makaranta da rundunar ke haɗuwa su biya su. A doka, shiga shirin bai ɗora wa yaro wajibcin aikin soja ba ko na kwana ɗaya, kuma yana iya fita. Hukuma na cewa manufarsa tarbiyyar ɗan ƙasa nagari ce. Amma gaskiya ne yaron da ya shekara uku cikin kaki, yana ganin sajan a matsayin abin koyi, ya fi kusa da tunanin shiga soja, kuma wanda ya kammala shekarun shirin kan fara da muƙami ɗan sama da na sauran kurata idan ya shiga. Masu suka na cewa shirin ya fi yawa a unguwannin masu ƙaramin ƙarfi, kuma an yi ƙorafin wasu makarantu na sa yara ciki ba da zaɓinsu ba. Hukumar ilimi ta San Francisco ta kaɗa ƙuri'ar soke shi a 2006, sannan aka dawo da shi a 2009 bayan doguwar muhawara. Amurkawa kansu ba su haɗu a kan magana ɗaya ba. Shawarata ita ce ki zauna da yaron, ke da mahaifinsa, ku tambaye shi abin da yake so bayan sakandare, ku kuma gaya masa kada ya sa hannu a kowace takarda ta mai ɗaukar soja sai kun karanta tare. Ɗan shekara 17 ma ba ya shiga sojan Amurka sai da amincewar iyaye a rubuce.

Kafin ki yanke hukunci, ki je wurin horonsu rana ɗaya, ba tare da kin sanar da wuri ba idan makarantar ta yarda. Ki duba ko akwai babba a wurin daga farko har ƙarshe, ko kuwa an bar manyan ɗalibai su kaɗai. Ki duba ko suna ɗumama jiki da miƙa tsintsiyar hannu kafin su ɗauki bindiga, ko sababbi na gefe guda suna koyon tushe, ko akwai isasshiyar tazara tsakanin masu cillawa. Ki tambayi malamin matakin da ɗanki yake da abin da zai nuna kafin a ƙara masa. Malamin da ya san aikinsa zai ba ki amsa a take, har ya ji daɗin tambayar. Ki tambayi inda ake kulle bindigogin da wanda ke riƙe da makulli, da kuma wanda ke raka yara idan gasa ta haɗa da kwana a wani gari. Idan kika ji ana sa ƙanana tsallen kwaɗo ko wani horo na wulaƙanci saboda bindiga ta faɗi, wannan alama ce marar kyau, domin yaron da ke tsoron hukunci shi ne zai kai fuska ya tari wadda ya kamata ya kauce wa. Idan yana da ƙarfen gyaran haƙori, ki saya masa robar kare baki irin ta 'yan wasa. Idan ciwon hannu ya wuce kwana biyu ko uku, ko ya kumbura, a huta a ga likita.

Akwai abu ɗaya da ya shafi gida kai tsaye. Zai roƙe ki ki saya masa tasa bindigar kwaikwayon don ya riƙa gwaji. Idan kin saya, ki sani cewa daga nesa ba mai bambanta ta da ta gaske, maƙwabci ko ɗan sanda. A cikin jaka rufaffiya za ta riƙa fita, a bayan mota. Kada ya ɗauke ta a kafaɗa ya bi titi, kada ya je filin shaƙatawa na jama'a da ita shi kaɗai, kada ya shiga harabar makaranta ko motar makaranta da ita sai da izinin malamin a rubuce, domin dokokin makarantu da yawa na hukunta abin da ya yi kama da makami kamar makamin. Gwaji a bayan gida mai shinge, a kan ciyawa, da takalmi rufaffe, ƙannensa na nesa, kuma ki gaya wa maƙwabtan da ke iya hango shi mene ne yake yi tun kafin ya fara. Dokokin jihohi da birane kan bindigar kwaikwayo sun bambanta, don haka ki tambayi malamin nasa abin da ya shafi inda kuke kafin ki biya kuɗin.